Babban Yatsan Baba Dozin

Akwai wani mai gyaran agogo da duk layin shagunansu ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Dozin ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Bawan Allahn nan an jarabce shi da son lamba sha biyu, son da ba a taɓa samo masa magani ba.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Bango uku duk agogo ne, kowanne da irin bugunsa. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, da farin faranti inda yake zuba ƙananan sukurori don kada su ɓace.

Ka kawo agogo a sa maka batir, aikin da bai kai a zauna ba, sai ka fita da karatun da ba ka nema ba.

"Ka san haƙarƙarinka nawa?" zai tambaye ka, ido ɗaya a cikin gilashi. "Sha biyu a dama, sha biyu a hagu. Laluba ka ji."

Wallahi sai ka ga babban mutum da furfurarsa ya tsaya yana lalubar kansa a tsakiyar shago.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya sha jin cewa inci sha biyu ne ƙafa ɗaya, kamar shi bai san awo ba. Mai sayar da waya ya sha jin cewa maɓallan kira sha biyu ne: lambobi goma, da tauraro, da wancan mai kama da tsani. Ko kwalin sabulu ya gani a ƙasa sai ya ɗauka ya ƙirga maka gefunansa, su ma sha biyu.

Amma abin da ya fi so shi ne zagin lamba goma.

"Goma ba ta da kirki," in ji shi. "Raba wa mutum uku lemo goma ka gani, sai an ɓata rai. Sha biyu kuwa ta rabu biyu, ta rabu uku, ta rabu huɗu, ta rabu shida. Lambar zaman lafiya ce."

Don haka ko ƙirga ba ya yi irin na mutane. Kai ka miƙe yatsu ka ce ɗaya, biyu, uku. Shi babban yatsansa yake sa wa aiki, ya bi gaɓoɓin sauran yatsu huɗun, kowanne gaɓa uku. Yakan fara daga gindin ƙaramin yatsa, ɗaya, ya hau tsakiya, biyu, ya kai ƙarshe, uku, sannan ya koma gindin na kusa da shi. A haka har ya ƙare a kan yatsan nuni, sha biyu cif a hannu ɗaya. Yakan ce wasu masana na ganin daga nan sittin ta fito, wadda muke raba awa da ita: sha biyu a wannan hannun, sau yatsu biyar na wancan.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya biyu. Babban namiji ne, kowa Yaya yake ce masa, yana aiki a wani gari mai nisa. Ƙaramar mace ce, ita kuma uban ya laƙaba mata Daƙiƙa, don tun tana rarrafe ba ta zama wuri ɗaya, kamar siririn hannun nan na agogo. Ta girma ta samu aikin da ya dace da ita a ofishin aika kaya, inda waya biyu ke ƙara a lokaci guda, direbobi na jiran ta ce musu ga hanya.

Kada ku ce ba ta son ubanta. Tana sonsa ƙwarai. Ita ke saya masa magani, ita ke kawo masa abinci, ita ke faɗa in ya ƙi sa rigar sanyi. Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba shi ba, shi ne kunnenta.

Da ta ajiye kwano zai fara. "Daƙiƙa, kin san abin da ya sa fuskar agogo take da sha biyu? Mutanen Masar na dā..."

"Baba, a taƙaice."

"Ai ba ya taƙaituwa. Mutanen Masar na dā..."

"To gobe, Baba. Ana jirana."

Shekara da shekaru mutanen Masar na dā suna tsaye a wuri ɗaya, ba su taɓa samun damar yin abin da suka yi ba. Baba Dozin sai ya yi murmushi ya mayar da gilashi ido. Bai taɓa nuna ya ji zafi ba, ita kuma ba ta taɓa tsayawa ta duba ba.

Ran nan da hantsi tela ya ji ƙarar faɗuwar faranti. Ya leƙa ya tarar da maƙwabcinsa a gicciye kan teburi, baki ya karkace, sukurori sun watse a ƙasa. Kafin a kai shi asibiti ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke.

Daƙiƙa ta iso a guje, Yaya ya biyo hanya ya iso washegari.

Da aka samu kansa ya farfaɗo, sai ya zama yana buɗe ido yana kallon mutane, amma ba kalma ko ɗaya. In aka tambaye shi abu, wani lokaci ya gyaɗa kai, wani lokaci ya girgiza, ba ka gane wanne ne i wanne ne a'a. Hannun hagu ne kawai yake motsi, shi ma an manne masa allurar ƙarin ruwa, ga shi tun dā sanyin ƙashi ya lanƙwasa yatsunsa.

Likitar da ke kula da shi mace ce mai sanyin magana. Kullum da safe sai ta sunkuya ta ce, "Baba, nuna mini yatsu biyu."

Yatsu ba su miƙe ba. Babban yatsa dai ya ɗan ja jiki ya taɓa wani wuri.

"To nuna mini uku."

Ya sake ɗan motsawa, shi ke nan.

"Tasbihi yake ja," in ji Yaya a hankali. "Allah sarki Baba."

Likitar ta kira su waje ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai sashen da ake gasa jiki ana kuma koya wa irinsu magana, kuma gado ɗaya ne kawai ya rage a can. Amma aikin can na wanda yake gane abin da aka ce masa ne, yana kuma iya amsawa ko da da alama. In har zuwa zagayen gobe da safe ba ta ga haka ba, ba za ta iya hana wani mara lafiyan gadon ba, sai a sallami Baba a ci gaba da jinya a gida.

"Ni zan tafi da shi," Yaya ya ce da suka koma. "Akwai ɗaki a bayan gidana, za a kula da shi. Shagon kuma a rufe."

A gaban gadon ya faɗa, kamar yadda ake magana a gaban jariri. Daƙiƙa ta juya ta dubi ubanta. Ta san in aka kai shi ɗakin nan, a kwance zai ƙare kwanansa, ana juya shi ana ba shi abinci, ba mai tsammanin akwai mutum a ciki.

Yaya ya fita neman motar da za ta ɗauke su. Ita ta zauna a kujerar roba tana ta amsa kiran ofis, har wayar ta mutu. Ta duba, wurin caji ɗaya ne a ɗakin, wani ya riga ta. Abin da bai taɓa faruwa ba ya faru: Daƙiƙa ta zauna da la'asar guda ba abin yi. Ta kalli silin, ta kalli taga, ta gaji, idonta ya sauka a kan hannun ubanta.

A gadon kusa, nas tana yi wa wata mata bayanin maganin mijinta. "Ƙwaya biyu za ki ba shi."

Babban yatsan Baba ya zame ya tsaya a tsakiyar ƙaramin yatsa.

"Sau uku a rana."

Ya matsa sama ya tsaya a ƙarshensa.

Daƙiƙa ta ɗan gyara zama. Ta ce a ranta ƙila dacewa ce. Can sai wani ya leƙo daga ƙofa ya ce ana neman mai jinyar gado na tara. Babban yatsan ya bar ƙarami, ya tsallake na biye, ya je ya dafa kan na tsakiya.

Ta buɗe tafin hannunta tana kallo kamar yau ta fara ganinsa. Wani abu ya dawo mata daga nesa: tana ƙarama, ya kama hannunta a shago yana ɗora mata babban yatsa a gaɓa yana cewa ɗaya, biyu, ita kuma tana fizgewa don ƙawayenta na kira a waje. Ta fara ƙirgawa a nata hannun, daga gindin ƙarami. Uku, shida, tara. Tara ta faɗa a kan yatsan tsakiya daidai.

Ta matso da kujera har gwiwarta ta taɓa gado.

"Baba, kwana nawa ne a mako?"

Yatsa bai motsa ba. Ta buɗe baki za ta maimaita, sai ta kama kanta ta jira. Yatsan ya taso a hankali ya sauka a gindin na tsakiya. Ta ƙirga a nata. Bakwai.

"Wata nawa ne a shekara?"

Wannan karon bai ɓata lokaci ba. Babban yatsa ya haɗu da kan yatsan nuni, kuma ta rantse ta ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga.

Ashe duk kwanakin nan amsa yake bayarwa. An ce ya nuna biyu ya nuna, an ce uku ya nuna, irin yadda ya saba nunawa tun kafin a haife ta. Likita ba ta da laifi, ba a shagon ta girma ba. Yaya ya bar gida tun yana saurayi. Mutum ɗaya ce a duniya ya kamata ta gane tun ranar farko, ita ce kuma take tsaye tana latsa waya.

Ta kifa goshinta a kan hannun ta yi kuka, kukan murna da kunya a haɗe.

Da Yaya ya dawo ta gaya masa, ya yi ajiyar zuciya. "Ke dai kina so ya zama haka ne. Ni ma ina so. Amma kada ki sa wa ranki abin da zai karya ki." Ta so ta nuna masa, sai dai Baba ya riga ya yi barci.

Da safe likita ta zo da ɗalibanta biyu. Daƙiƙa ta tare ta tun daga ƙofa tana bayani, kalma na hawa kan kalma. Likitar ta saurara, ta dubi nata tafin hannun ta gwada ƙirgawa, ta ce, "Ikon Allah. Ban taɓa lura ba. To mu gani."

Amma Baba bai kwana da daɗi ba. Ido a lumshe, hannu a sake kamar ba nasa ba.

"Baba, nuna mini biyu," in ji likita.

Ba motsi.

"Baba, kwana nawa a mako?" Daƙiƙa ta ce. "Baba, jiya ka nuna mini. Yi sauri, likita na..."

Ta ji abin da ke fitowa daga bakinta, ta haɗiye sauran. Ko a nan ma sauri take ce masa ya yi.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya duba agogon hannunsa. Daƙiƙa ta juya ta ce, "Likita, don Allah ki ɗan ba mu lokaci. Shi ba a gaggauta shi. Ni na fi kowa sani, don ni na fi kowa yi."

Likitar ta jawo kujera ta zauna. "Me ya sa ake ce masa Dozin?"

Daƙiƙa ta fara ba ta labari, don dai shirun ya yi mata yawa. Ta faɗi haƙarƙari. Ta faɗi watanni. Ta faɗi lemon da ba ya rabuwa. Daga nan jakarta ta ƙare, don duk sauran rabi-rabi ta ji su, tana bakin ƙofa da makulli a hannu. Ta yi ta lalube a kanta har ta kamo wani guntu.

"Yana kuma cewa wani abu a kan wata. Wai mutanen da suka taɓa taka shi da ƙafarsu... mutum goma ne, ina ji."

Idon Baba Dozin ya buɗe.

Duk wanda ya taɓa cewa goma a shagon nan ya san wannan kallon. Ya juyo da ido ya kafe 'yarsa da shi. Babban yatsa ya taso, ya dafa gindin yatsan nuni, wurin goma, ya ɗan tsaya kamar mai nuna mata ɓarnar da ta yi. Sannan ya ja jiki ya hau gaɓa ɗaya, ya hau ta biyu, ya kai ƙarshe, ya danna. Ya ɗaga ya sake dannawa.

Likitar tana bi a nata hannun. "Sha ɗaya, sha biyu." Ta ɗago. "Gaskiyarsa. Mutum sha biyu ne suka taka wata."

Ba wanda ya tambaye shi. Ya ji magana, ya gane kuskure ne, ya gyara. Ɗalibin nan ya daina kallon agogo.

"Baba," likitar ta ce tana matsowa, "sha biyu a raba wa mutum huɗu, kowa nawa?"

Kan ƙaramin yatsa. Uku.

"A raba wa mutum biyu fa?"

Kan na biye. Shida.

Yaya ya juya baya ya fuskanci taga, kafaɗunsa na girgiza. Da ya juyo ya durƙusa a gefen gadon ya ce, "Baba, ka yafe mini. Jiya a gabanka na ce a rufe shago."

Likitar ta miƙe tana murmushi. "Gadon nasa ne. Amma Baba, tunda ka koya mini ƙirga, bari in biya ka. Akwai manyan jijiyoyi da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, su ne suke kula da gani da ji da ɗanɗano da motsin fuska. Ka san ko nawa ne? Sha biyu a dama, sha biyu a hagu. Ta sha biyun kuwa ita take juya harshe."

Idon tsohon ya yi haske kamar yaron da aka miƙa wa alawa. A kwance, rabin jiki a shanye, ya samu sabuwa a cikin tarinsa, kuma kowa a ɗakin ya ga ƙaiƙayin da yake ji na rashin bakin da zai je ya gaya wa tela.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya warke sarai ba. Hannun dama bai dawo ba, gyaran agogo ya ƙare. Tafiya sai da sanda. Magana ta dawo bayan watanni, ita ma guntu-guntu, kalma ɗaya sai ya yi ta nemanta kamar sukurun da ya faɗi ƙarƙashin teburi. Amma ba a kai shi ɗakin baya ba, kuma ba a rufe shago ba. Yakan zauna a kujerarsa da rana, tela ya shigo ya murɗa makullin agogunan bango don kada su tsaya, shi kuma yana nuna masa da ido wanda ya yi latti.

Wata ranar hutu Daƙiƙa ta kawo masa abinci. Ta ajiye kwano, maimakon ta juya sai ta jawo benci. Wayarta ta yi ƙara, ta kashe ta ta kifa a kan teburi.

"Baba, mutanen Masar na dā. Me suka yi?"

Ya daɗe yana kallonta, kamar yana jiran ta ce gobe. Ba ta ce ba.

Ya fara. Ya ce da dare suna kallon taurari, wannan rukuni ya fito, can wani ya biyo shi, da haka suka yanka dare kashi sha biyu. Ya ce rana ma suka yi mata sha biyu don kada ta yi ƙorafi. Sha biyu da sha biyu, ashirin da huɗu, su ne awannin da muke gudu a ciki har yau. Maganar da dā zai gama kafin shayi ya huce, yanzu ta cinye rabin yammaci. Sau da yawa kalma ta maƙale, ita kuma ta san kalmar, tana kan harshenta, amma ta riƙe ta bar shi ya nemo da kansa.

Da ya kai ƙarshe inuwa ta riga ta rufe bakin shagon. Ya numfasa, ya dube ta, gefen bakinsa ya ɗaga.

"A... taƙaice... ke nan."

Ta yi dariya har hawaye suka zubo, ta goge da bakin mayafi, ta ce, "To na duniyar nan Jupita fa? Na taɓa ji ka fara."

Ya ɗaga hannun hagu, babban yatsa ya nufi kan yatsan nuni. Wajen shekara sha biyu take yi kafin ta zagaye rana, amma wannan sai da aka kunna fitila kafin ya gama faɗa, Daƙiƙa kuma tana nan zaune.

Darasi: Ciyar da iyaye da saya musu magani alheri ne, amma sauraronsu ma haƙƙi ne. Labarin da tsoho yake maimaitawa har ya gundure ka, wata rana ƙila shi ne kaɗai hanyar da za ka gane abin da yake son faɗa. Ka yi haƙuri ka bar shi ya kai ƙarshe tun yana da bakin faɗa. In kana da wani Baba Dozin a gida, yau ka zauna ka ji nasa, sannan ka tura wannan ga ɗan'uwanka da kullum ake jiransa a wani wuri.